Amsoshin Tambayoyinku: Hatimi ko Tudu, Wanne Ake Fara Yi a Katin Gaisuwa?

TAMBAYA: Mahaifina yana sayar da albasa da busasshen barkono a Kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha, jihar Anambara, kuma a garin aka haife ni. Na gama sakandare ina jiran shiga jami'a, shi ne na fara yin katin Barka da Sallah da na gayyatar suna da hannu. Na sa an yi mini hatimin roba guda biyu, na kuma sayi wata hoda mai ruwan zinare da aka ce idan an gasa ta rubutu yakan taso. Amma in na buga hatimi na barbaɗa hodar, ba ta kamawa. Ranar da ta ɗan kama, na sa na'urar busar da gashi, sai ta watse. Na kuma gwada yi wa kwalin ado mai tudu kafin in buga hatimi, sai rubutun ya fito rabi da rabi. Don Allah wanne ake fara yi? Kuma dole ne sai na sayi inji? Daga wata mai karatu, Anacha.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya sa albarka a neman na kai. Bari in fara ba ki amsar a dunƙule: hatimi ake fara bugawa tun kwali yana shimfiɗe sumul, a gasa hodar, sannan daga baya a yi tudun da ake dannowa ta baya. Inji kuwa ba dole ba ne. Kowace matsala cikin ukun da kika lissafa tana da dalilinta, kuma ba daga hannunki laifin yake ba.

Abin da ya rikita ki shi ne aiki biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya a bakin masu sayar da kayan. Na farko tudun zafi: a buga hatimi da tawada mai danƙo, a barbaɗa hoda, a kara wa zafi, hodar ta narke ta daskare a saman kwali. Kwalin kansa bai motsa ba, wani abu aka ɗora masa. Na biyu tudun danni: ba tawada, ba hoda, kwalin ake turowa ta baya har ya kumbura ta gaba. Idan kin taɓa shafa takardar shaida ko takardar lauya kika ji wani zagaye ya taso ba tare da launi ba, to wannan shi ne tudun danni. Na farkon kuwa masu ɗab'i sun daɗe suna yin irinsa da inji a kan katin shaidar sana'a, inda za ki ji harufa suna ƙyalli kuma suna da kauri a yatsa.

Mu fara da hodar da ta ƙi kamawa. Wannan hoda, wadda za ki ji ana ce mata embosin fauda a shago, garin roba ne da aka niƙa ya yi laushi aka haɗa da launi. Ita kanta ba ta da danƙo ko kaɗan. Sai ta sami jiƙaƙƙen wuri take maƙalewa. Tawadar da ke cikin soson hatimin ofis, mai ruwan shuɗi ko algashi, an yi ta ne don ta bushe nan take, domin magatakarda ba ya son takarda ta ɓata ta ƙasanta. Kafin ki ajiye hatimi ki ɗauko kwalbar hoda, kwali ya riga ya shanye ta. Abin da kike buƙata tawada ce mai jinkirin bushewa. Akwai wadda aka yi musamman don wannan aiki, ba ta da launi, ana sayar da ita a ɗan akwati mai soso. Wadda ta fi suna ita ce VersaMark ta kamfanin Tsukineko na Japan. Idan ba ki samu ba, kada ki damu. Ki je kemis ki sayi gilisarin, wannan ruwa mai kauri da mata ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu. Ki sami sabon soso marar tawada, ko yankin katifa siriri a cikin murfin roba, ki ɗiga masa gilisarin kaɗan ki baza shi ya ratsa ko'ina. Ki riƙa dangwala hatimin a hankali sau uku ko huɗu, kada ki nutsa shi. In ya yi yawa, sai ya cika ramukan hatimin, harufa su haɗe, ki sami dunƙule maimakon rubutu.

Da kin buga, ki zuba hoda ta rufe zanen gaba ɗaya, ba barbaɗen gishiri ba. Ki shimfiɗa wata takarda da kika ninke biyu a ƙasa, ki karkata katin hodar da ba ta kama ba ta zube a kai, ki ɗan ƙwanƙwasa bayansa da yatsa sau ɗaya ko biyu, sannan ki mayar da ragowar cikin kwalba ta bakin ninkin. Da haka ƙaramar kwalba za ta yi miki kati masu yawa. Ƙwayoyin da suka maƙale inda ba a so, ki share su da ɗan busasshen burushi kafin zafi ya taɓa su, domin duk wadda ta narke ta zauna ke nan.

Na'urar busar da gashi kuwa ki mayar wa mai ita. Iskarta ta yi yawa, zafinta ya yi kaɗan. Yawancin irin wannan hoda sai zafi ya kai na tafasar ruwa ko ya haura, wajen digiri 100 zuwa 150 gwargwadon iri, sannan take narkewa. Akwai ƙaramar na'urar hura zafi da aka ƙera don haka, mai zafi sosai da iska kaɗan. Kina kuma garin da ba a rasa makamanciyarta: duk mai gyaran wayar salula a wajen Emeka Offor Plaza yana da abin hura iska mai zafi da yake ciro ƙananan sassan waya da shi. In irin wannan kika samu, ki rage zafin da iskar zuwa ƙasa, domin a ƙarfinsa yana iya babbake kwali cikin ƙiftawar ido.

Ni dai wadda na fi so ga mai farawa ita ce hanyar da ba ta neman sayen komai: dutsen guga. Ki jingina shi fuskarsa tana kallon sama ko gefe, ki riƙe katin da maƙalin shanya na katako, ki kusantar da bayansa ga ƙarfen, ɓangaren hoda yana waje. Zafi zai ratso ta cikin kwalin, babu iskar da za ta watsa miki aiki. Ko babu wutar nefa, dutsen guga na gawayi zai yi. Ki zuba ido sosai. Za ki ga hodar ta sauya daga gari marar haske zuwa ƙyalli, kamar man shanu a kasko, tana bin zanen daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ya yi ƙyalli ya nuna, ki matsa gaba. Idan kika daɗe a wuri ɗaya, robar za ta nutse cikin kwali, tudun ya kwanta, ya bar tabo mai kama da na mai, kwalin kuma ya yi rawaya. Bayan kin gama ki ba shi ɗan lokaci ya huce kafin ki taɓa. Idan kwalin ya lanƙwashe, ki danne shi ƙarƙashin littafi mai nauyi ya kwana.

Roƙona ɗaya a nan: wannan sashe na aikin a gida za ki yi shi, ba a rumfar Baba ba. Kwali, buhunan barkono da garwashi ba sa zama wuri guda. Mutanen Anacha ba su manta da gobarar watan Oktoban 2019 ba, wadda ta tashi daga tankar mai a Upper Iweka ta ci har cikin Kasuwar Ochanja. Waccan ba daga 'yan kasuwa ta taso ba, amma ta nuna yadda wuta ke gudu a cunkoson rumfuna.

Sai kuma yanayin garinku, wanda littattafan koyon wannan sana'a ba su san da shi ba. Ose a bakin Kwara take, kuma damina a can doguwa ce. Laima tana shiga kwali ya yi laushi, in an kara masa zafi ya murɗe. Tana shiga hoda ta dunƙule. Ki ajiye kwalinki cikin leda a ɗaure, a kan kanta, nesa da ƙasa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 a garuruwan bakin kogi na Anambara ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cikin robar da kike ajiye hoda kuma ki jefa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan hunturu ya leƙo a Disamba da Janairu, sai matsalar ta juya: iska ta bushe, hoda ta riƙa manne wa kwali ko'ina, har inda babu tawada. Maganinsa ki ƙulle ɗan garin sitaci ko hodar jarirai a tsumma, ki shafe fuskar kwalin kafin ki buga hatimi. Wannan yana kuma kashe maiƙon yatsa, wanda shi ma yake kama hoda. Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi, wannan ita ce matsalar da zai fi fama da ita, kuma tawadarsa za ta fi taki saurin bushewa.

Yanzu ga tambayarki ta asali. Hatimi fuskarsa a baje take, ba ya buga komai sai abin da ya taɓa. Idan kwali ya riga ya yi tudu da kwari, robar za ta hau kan tudun ta bar kwarin, shi ya sa rubutunki ya fito rabi da rabi. Saboda haka duk abin da ke buƙatar shimfiɗaɗɗiyar fuska shi ake gabatarwa. In akwai dogon bayani da za a buga da na'ura, kamar sunan jariri da rana da wuri, shi ne farkon komai. Kada ki kuskura ki sa katin da aka riga aka gasa cikin injin hoto ko firinta mai aiki da zafi, domin zai sake narkar da robar, ya lalata katin, ya kuma ɓata wa mai shago inji. Bayan bugu sai hatimi da gashi. Tudun danni ne na ƙarshe, kuma a kewayen zanen zinaren za ki yi shi, ba a kansa ba. Robar da ta daskare ba ta miƙewa, in kika turo kwalin da ke ƙarƙashinta sai ta tsage ta ɓantare.

Akwai dabarar da ta fi wannan sauƙi, kuma ita masu yi don sayarwa suka fi bi: raba aikin gida biyu. Ki yi tudun danni a kan babban kwalin, ki buga hatiminki ki gasa a wani ɗan ƙaramin yanki daban, sannan ki manna ƙaramin a tsakiyar babban. Ribar haka a fili take. In hatimi ya karkace ko hoda ta ƙone, ɗan yanki kika yi asara, ba katin gaba ɗaya ba. Kuma za ki iya zama rana guda ki gasa ƙananan yankuna masu yawa ki ajiye, duk wanda ya zo da oda sai haɗawa kawai.

Yadda ake tudun danni ba tare da inji ba kuwa, kayansa suna cikin ɗakinki. Ki zana siffar da kike so a kan kwali mai kauri ko bangon tsohon fayil na roba, ki yanke ta da sabuwar reza ta zama rami. Ki manna wannan a jikin gilashin taga da rana, ko ki ɗora a kan faifan gilashi ki kunna fitilar waya a ƙasa. Ki kifa katinki a kai, fuskarsa na kallon ramin, bayansa na kallonki. Haske zai nuna miki iyakar zanen. Ki ɗan goga kyandir a bayan katin don ya yi santsi, sannan ki ɗauki biron da tawadarsa ta ƙare, ko wani abu mai dunƙulallen baki, ki bi gefen ramin kina dannawa. Gefen kawai za ki bi. Tsakiyar za ta taso da kanta, kuma in kika cika gurza ta sai alamun biro su fito ta gaba. Ki tuna ta baya kike aiki, don haka duk abin da ke dama zai koma hagu. Wannan hanya ta fi kyau da farin kwali ko mai haske, domin haske ba ya ratsa baƙi ko ja mai duhu.

Kwalin da ya dace shi ne mai nauyin giram 220 zuwa 300, marar sheƙi. Mai sheƙi, irin na kalanda, hatimi yana zamewa a kansa, zafi kuma yana iya tayar masa da ƙuraje. Takardar A4 ɗaya, wato milimita 210 da 297, in kika raba ta biyu kika ninke kowane rabi, za ta ba ki kati biyu masu girman 105 da 148, waɗanda ke shiga ambulan C6 daidai. Kafin ki ninke, ki ɗora rula ki ja layi da busasshen biron nan, in ba haka ba kwali mai kauri zai karye a gaɓar.

Injin da kika yi tambaya a kansa, irin su Big Shot na kamfanin Sizzix, abin murzawa ne da hannu: a sa kwali tsakanin faifan roba biyu masu zane, a murza, ya fito da ado a fuska gaba ɗaya. Yana da sauri, ba musu. Amma zanen da ke zuwa da shi na ƙasashen da aka ƙera shi ne, dusar ƙanƙara da furannin da ba mu san su ba, kuma duk wadda ta sayi faifai irin naki katinta zai zama tagwayen naki. Shawarata kada ki saya sai oda ta fi ƙarfin hannunki. In ma kuɗi ya samu, akwai abin da zan fifita a kansa: matsin ƙarfen nan da ake yi wa kamfanoni da lauyoyi. Masu yin hatimi suna yin sa da duk rubutun da aka ba su, kuma tun da Dokar Kamfanoni ta 2020 ta daina tilasta wa kowane kamfani mallakarsa, ba za su ƙi sabon ciniki ba. Ki sa a yi miki mai ɗauke da alamar sana'arki ko Barka da Sallah, matsa ɗaya ya gama aiki. Sai dai ki nisanci duk wani abu mai kama da tambarin gwamnati, na makaranta ko na masarauta, ko da wani ya ce don wasa yake so.

Zane kuwa kina da gado. Dukawan Kano da na Sakkwato sun daɗe suna danna ado a jikin jar fatar akuya da ƙarfe, a jaka da titimi da gafaka. Ki duba dagi, ki duba zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, ki duba aska takwas ta gaban babbar riga. Siffofi ne masu layi a fili, suna karɓar hatimi, suna karɓar danni. Idan za ki koma wurin mai hatimi, ki ce masa mai mariƙin katako kike so, ba irin na zamani mai tawada a ciki ba. Ya zurfafa yankan, kada layuka su yi siriri ko su matsu da juna, domin hoda tana ɗan bajewa in ta narke. Ƙananan siffofi kamar tauraro ko jinjirin wata za ki iya sassaƙa su da kanki a robar goge fensir. Rubutu a jikin hatimi a juye yake zama, har ajami, don haka ki duba shi a madubi kafin ki biya kuɗi. Ki kuma tabbata ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta fito. Wanke hatimi da ruwa da ɗan sabulu ake yi. Kananzir da fetur suna cinye roba.

Wani abu da nake so ki kiyaye: kati ƙarshensa shara, ko a yi fifita da shi a wurin biki a yar. Saboda haka ban ga dacewar buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kai ba, komai kyan da zinare zai yi masa. Gaisuwa da fatan alheri sun wadatar.

Ba ki tambayi kasuwa ba, amma zan sa baki. Katin Barka da Sallah shi kaɗai ba zai riƙe ki ba. Sallah sau biyu ce a shekara, kuma yau gaisuwarta ta koma WhatsApp. Ko a Ingila, inda Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na sayarwa na farko a 1843, guda 1,000 a kan sule ɗaya kowanne, arhar aika wasiƙa da aka shigo da ita a 1840 ce ta share wa katin hanya. Mu kuwa yanzu wa ke zuwa gidan waya don gaisuwa? Abin da bai mutu ba shi ne katin da ake miƙawa hannu da hannu: gayyatar ɗaurin aure da za a kai wa manya, ɗan katin godiya da ake sawa cikin kayan rabo, alamar da ake rataya wa kwalbar humra ko turaren wuta, ambulan ɗin gudummawa. Kuma kada ki tsaya ga 'yan uwa Hausawa na Ose da na bakin gadar Kwara. Maƙwabtan rumfar Baba suna da bikin Ofala na Obin Anacha a Oktoba, suna da bikin sabuwar doya, ga kuma Disamba, lokacin da 'yan ƙabilar Ibo ke dawowa gida daga ko'ina ana ta ɗaurin aure. Ke da aka haifa a garin kina jin harshensu, kuma da ɗan gari akan ci gari. In za ki yi hatimi da harshen Ibo, ki ba wanda ya iya rubuta shi ya duba miki ɗigon da ke ƙarƙashin wasula, domin rashinsa yana sauya ma'ana. Garin da ya cika Nijeriya da ƙananan littattafan kasuwa a shekarun 1950 ba ya rasa masu sayar da kwali da masu yanka shi, don haka kaya ba za su yi miki wuya ba. Abin da ya karɓu a Anacha kuma, direbobin da ke zirga-zirga za su kai miki shi Inugu da Fatakwal.

Kafin ki taɓa kwalin kirki, ki tara yankakkun da masu ɗab'i ke zubarwa ki yi gwaji a kansu, ki rubuta a bayan kowanne irin tawada da irin zafin da kika yi amfani da shi. Idan gilisarin ya ƙi miki, ko kika ga zinaren yana ɓantarewa bayan ya huce, ki sake rubuto mana ki faɗi irin kwalin da sunan da ke jikin kwalbar hodar. Ki gaida Baba.